Bamalli da Zaren Tawada

Duk wanda ya taɓa shan ruwan gora ko yogot a Suleja ya riƙe aikin Bamalli a hannunsa, sai dai ba lallai ya kula ba. 'Yan lambobin nan baƙaƙe da ke wuyan gora, masu faɗin ranar da aka yi abu da ranar da zai lalace, su ne sana'arsa. Mutanenmu ba sa karanta su sai ciki ya murɗa, sannan a koma ana tonon kwandon shara ana neman gorar. Amma hukuma tana karantawa, kuma kamfanin da ya fitar da kaya babu lamba, ko da lamba rabi a yanke, ya san abin da ke jiransa. Saboda haka a shekarun da Bamalli ke tashe, masu kamfani da ko gaisuwar maƙwabci ba sa amsawa sukan kira shi da sassafe suna "ranka ya daɗe".

Ɗan gari ne, a cikin Suleja aka binne cibiyarsa. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, mutum marar yawan magana, wanda bai bar gona ba, bai bar shagon kirki ba. Abin da Bamalli ya gada wurinsa ido ne da haƙuri. Da wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar agogo, sai Bamalli ya koma gyaran rediyo, ita ma ba ta daɗe ba ta bi sahu. A lokacin ne kamfanonin ruwa suka fara tsirowa a gefen gari kamar ciyawar damina, don Abuja ba ta ƙoshi da ruwa, haya a can kuwa ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Ya samu aikin kula da wutar lantarki a ɗaya daga ciki. Wani injiniya da ke zuwa daga Legas duba injin buga kwanan wata ya lura da yadda yake riƙe sukundireba, ya ce masa ya matso ya gani. Daga wannan matsowar bai sake komawa baya ba.

Injin nan ba irin na ofis ba ne da ke jira a ce masa ya buga. Da an kunna shi, tawada za ta fito ta wani ɗan rami da bai kai kaurin gashin kai ba, ta miƙe kamar zare, ba tsayawa. Akwai abin da ke girgiza zaren a ciki ya tsinka shi ɗigo-ɗigo. Ɗigon da ake so ya yi rubutu sai a ba shi cajin lantarki, ya ratsa tsakanin wasu farantan ƙarfe biyu, su karkatar da shi ya sauka a jikin gora daidai inda ake so. Wanda ba a ba caji ba, kuma su ne mafi yawa, ya wuce kai tsaye ya faɗa wani ɗan bututu da masu sana'ar ke kira kwata, ya koma tanki ya sake zagayowa. Duk rigimar tana bakin kwatar nan. Dole zaren ya shiga ta daidai wurinsa. In ya kauce ko da ƙiris ne, ko lambobi su fito da kai a yanke, ko tawada ta fantsama kan faranti injin ya yi ƙara ya mutu. Wasu ƙananan notuna biyu ke juya zaren. Mai gyara yana kafa gilashin ƙara girma a ido, ya haska tocila, ya murɗa noti a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri.

Suleja kuwa ba ta raga wa injin nan. Zafi ya busar da ruwan da ke sirka tawada ta yi kauri. A ɗauke wuta babu sallama, tawada ta daskare a bakin rami. Sannan a samu wani gwani cikin ma'aikata ya ɗauko allura ya ce zai buɗe. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona wa Bamalli rai a duniya, har yakan ce da a tsokane ramin nan da allura gara a tsokane masa ido. Da aiki ya yi yawa sai ya bar albashi ya koma cin gashin kansa, yana zagaya kamfanoni da jakarsa, daga Chaza zuwa Gauraka. Da wannan jakar ya aurar da 'ya'yansa mata, ya sa babban ɗansa Kamaluddeen a makaranta har ya samu aiki a Abuja.

Sai rawar hannu ta kama shi, ta fara daga babban yatsansa na dama. Da fari ya ce gajiya ce. Matarsa Mairama ce ta fara lura, ganin shayi na zuba a tabarma kullum, amma ta yi shiru don ta san halin mijinta. Asibiti suka ce ciwon jijiya ne, ana lallaɓa shi da magani amma ba ya tafiya. Mairama ba ta bar komai ba, rubutu, habbatus sauda, man shafawa iri-iri da 'yan uwa ke aikowa. Hannu dai ya ci gaba da abinsa. Ranar da sukundireba ta zame masa a wani kamfanin yogot a Chaza, tawada ta yi masa wanka a gaban ma'aikata, babu wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi yi masa ciwo. Ya tattara kayansa ya koma gida. Wayarsa ta ci gaba da kuka na ɗan lokaci, sannan ta gaji ta yi shiru.

Akwai wani mai irin sana'arsa a garin, Obadiya, mutumin kudancin Kaduna da ya zo Suleja tun yana saurayi. Ba sa ga maciji. Bamalli yakan ce aikin Obadiya aikin kafinta ne, Obadiya kuma yakan ce Bamalli na cinye yini guda a kan aikin da bai wuce shan shayi ba. A bencin asibiti suka haɗu, kowa na jiran layinsa. Bamalli ya yi gaisuwa don dole. Obadiya ya juyo yana ƙifta ido, yana kallon gefen kunnen Bamalli maimakon fuskarsa. Ashe yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu, fari fat.

"Muryar Malam Bamalli nake ji?"

"Shi ne."

"Na ji labarin hannunka. Miƙo in ji."

Bamalli ya yi kamar ba zai miƙa ba, sai kuma ya miƙa. Obadiya ya riƙe hannun yana jin yadda yake karkarwa a cikin nasa, ya daɗe bai saki ba.

"Ni nawa hannun lafiya lau," in ji shi. "Kai idonka fa?"

"Ina ganin ƙuda a kan hasumiya."

"To mu biyu ai mutum ɗaya ne cikakke. Zaman me muke yi a gida?"

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Bamalli ya tsaya ta wannan gefen kan injin da gilashi a ido, ya jingina goshinsa da ƙarfe don kar rawar hannu ta dame shi. Obadiya ya tsaya ta wancan gefen da sukundireba. Bamalli ya ce hagu, Obadiya ya kai zaren hagunsa shi, wanda shi ne daman Bamalli. Tawada ta wanke su duka biyun. Suka tsaya suna zargin juna kamar yara, har Obadiya ya ce tunda hagu da dama sun zama rigima, a bar su. A Suleja ko makaho ya san inda Minna take, ya san inda Abuja take. Daga ranar, da sun shiga kamfani sai su fara tsayar da ina ne Minna ina ne Abuja, sannan a ji Bamalli yana cewa, "Minna kaɗan. Ƙara. Kai, ka wuce, dawo Abuja. Tsaya nan, kar ka yi numfashi." Yatsun Obadiya kuwa, a faɗi gaskiya, sun fi na Bamalli ko a zamanin ƙuruciyarsa. Bamalli bai taɓa faɗa masa ba.

Ba a jima ba ma'aikatan kamfanoni suka raɗa musu suna Minna da Abuja. In ka ga Keke Napep ta tsaya, tsoho mai hula ya sauko hannu na rawa, wani tsohon mai faffaɗar hular coci ya biyo shi rungume da jaka, to injin wani ya kwanta. Ranar Juma'a Obadiya kan zauna a inuwa wajen masallaci yana gadin jaka. Lahadi da safe kuma ko kamfanin waye ke ci da wuta, Bamalli zai ce a jira a taso daga coci. Mairama ta koyi zuba abincin rana na mutum biyu, ta kuma koyi rage yaji saboda cikin Obadiya. Faɗa dai ba su daina ba. Kullum sai sun yi, a kan hanya, a kan ladan aiki, a kan wanda ya manta da kwalbar ruwan wanke kan injin.

Kada wani ya ɗauka yunwa ce ta fitar da Bamalli daga gida. Kamaluddeen yana iya riƙe shi, ya ma sha roƙonsa ya huta. Abin da Bamalli ke tsoro shi ne zaman zaure, ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce, wanda babu abin da zai tsaya a duniya don bai zo ba. Ya ɗanɗana wannan zaman sau ɗaya, ya san ɗacinsa. Yanzu kuwa akwai mutum guda da ba ya iya murɗa noti sai ya ji muryarsa. Wannan ne ya riƙe shi a tsaye shekarun nan, fiye da ƙwayoyin asibiti.

Obadiya yana da 'ya, Rahila, ma'aikaciyar jinya. Ta daɗe tana faɗa wa ubanta cewa yanar ido ba makanta ba ce, aiki ne na ɗan lokaci a cire ta. Shi kuwa da ya ji an ambaci wuƙa kusa da ido sai ya ce Yesu ya tsare, a bar shi yadda yake. Da ta gaji sai ta zo gidan Bamalli, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kai kaɗai yake jin maganarka. Don Allah ka sa baki."

Bamalli ba yaro ba ne. Kafin ta rufe baki ya riga ya hango inda maganar za ta kai shi. Tunanin ya zo masa sarai, cewa in ya yi shiru babu mai zarginsa. Ya yi a'uziyya, ya ji kunyar kansa, washegari ya tasa Obadiya a gaba. Ya kira shi matsoraci, ya ce jikokinsa sun girma bai san kamanninsu ba, ya ce in bai je ba shi ma ya daina fita aiki. Shi ya raka shi asibiti, ya zauna a waje yana jan carbi da hannun da ba ya tsayawa. Ranar da aka cire bandeji, Obadiya ya kalli Rahila, ya kalli silin, sannan ya juyo ya ƙura wa Bamalli ido.

"Malam, ashe haka ka tsufa?"

Suka yi dariya har nas ta leƙo ta ce su rage murya. Bamalli ya yi farin ciki ranar nan, farin ciki na gaskiya, babu algus.

Da aka gama ido na biyu ya warke, suka koma aiki. A kamfanin farko Bamalli ya miƙa masa gilashin, ya ce ya gwada. Obadiya ya kafa gilashi, ya daɗe yana leƙe, sannan ya girgiza kai ya mayar masa.

"Manyan abubuwa nake gani, Malam. Mota, mutum, akuya. Wannan zaren naka kuwa ko alamarsa. Karɓi kayanka."

Bamalli ya ce Allah ya ƙara sauƙi, a ransa kuwa wani dutse ne ya sauka. Suka ci gaba kamar da. Aikin ma ya ƙara sauri, Bamalli har yana yi wa Mairama alfahari cewa idonsa ƙara kaifi yake da tsufa.

Wata safiya Madam Nnenna, mai kamfanin ruwa a Gauraka, ta kira tana ihu cewa injinta ya mutu ga motar kaya na jira. Ranar karɓar maganin Bamalli ce, sai ya ce wa Obadiya ya yi gaba ya fara wanke kan injin, zai same shi a can. Ya gama da wuri, amma tireloli sun toshe bakin hanyar kamfanin, mai Keke ya sauke shi ta baya. Ya shiga ta ƙofar da ake lodi, ya ratsa tsakanin tulin gorori. Janareta na ruri, babu wanda ya ji shigowarsa.

Daga nan ya hango Obadiya shi kaɗai a gaban injin. Gilashi a ido, tocila a baki, sukundireba a hannu. Ya murɗa, ya leƙa, ya ɗan taɓa noti na biyu. Ya rufe kan, ya ɗauki guntun kwali ya wuce da shi ta ƙarƙashi, ya ɗaga yana dubawa. Sai ya yi murmushi, irin murmushin da mai sana'a ke yi in aiki ya fito yadda yake so, wanda Bamalli ya sani don shi ma ya sha yin sa. Ko daga inda yake tsaye ya san lambobin sun fito cas.

Obadiya ya cusa kwalin a aljihu. Ya waiga ya dubi ƙofar gaba. Sannan ya sake buɗe kan injin, ya sa sukundireba ya murɗa notin baya, har zaren ya bugi leɓen kwata, injin ya yi ƙara ya ɗauke. Ya wanke farantan tsaf, ya mayar da gilashi cikin jaka, ya jawo kwandon gorori ya zauna ya harɗe hannu.

Madam Nnenna ta fito daga ofis kamar za ta tashi sama.

"Baba Obadiya, abeg! Direba zai tafi ya bar ni. Ka taɓa shi mana, ko yaya ne!"

"Madam, sai Malam ya zo. Ni ba na gani."

Bamalli ya ji kowace kalma. Ya dafa tulin gorori. Ba fushi ya ji ba, da fushi ne da ya fi sauƙi. Ji ya yi zuciyarsa ta karye. Ashe duk watannin nan sadaka ake ba shi, kuma mai ba shi ya iya bayarwa har bai gane ba. Ya lallaɓa ya fita ta inda ya shigo, ya zagaya, ya tsaya a bakin famfo ya wanke fuska, ya shigo ta ƙofar gaba da sallama.

"Sai yanzu?" in ji Obadiya. "Ka bar ni Madam na neman cinye ni ɗanye."

Bamalli ya karɓi gilashi, ya jingina goshi da ƙarfe. Ya ce Minna, ya ce ƙara, ya ce tsaya. Yau da ya sa lura, sai ya ga yatsun suna fara motsi tun kafin maganar ta gama fita daga bakinsa. Injin ya tashi, gorori suka fara wucewa, Madam ta yi ta godiya tana cewa Allah ya bar su tare. A hanyar komawa Obadiya ya yi ta jan sa da faɗa, Bamalli kuwa ya juya yana kallon titi.

Daga ranar Bamalli ya daina ɗaga waya. Ya ce wa Mairama duk wanda ya zo ta ce ba ya jin daɗi, kuma ba ƙarya ya sa ta yi ba. Ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce babu komai. Ta dube shi, ta koma ta rage abincin rana zuwa na mutum ɗaya, shi ɗin ma ba ya cinyewa.

Ana nan wata ranar da la'asar Obadiya ya yi sallama a zaure, rungume da jaka. Ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Injin Chaza ya kwanta tun jiya. Tashi mu je."

"Je ka gyara."

"Da wane idon?"

"Baban Rahila," in ji Bamalli a hankali, "ta ƙofar baya na shigo ranar nan a Gauraka."

Obadiya ya sauke jakar ƙasa. Ya ce, "To me kake so in yi? Lokacin da nake lalube a bencin asibiti, wa ya ɗauke ni? In ce maka na warke, sai an jima?"

"Lokacin kana bukatata, ni ma ina bukatarka. Babu wanda ya yi wa wani alfarma."

"Har yanzu ina bukatarka."

"Ba a gaban injin ba."

Obadiya ya share ido da bayan hannu, sabon idon nan da ke gani tar. "Da na san haka abin zai zama, da na bar yanar nan a inda..."

"Kul!" Bamalli ya daka masa tsawa har Mairama ta leƙo daga cikin gida. "Kar ka ƙarasa. Kar ka yi wa Allah butulci a zaurena. Ni na roƙa maka idon nan, kuma ko yau aka dawo da maganar sai na sake roƙa."

Obadiya ya kawo shawarwari, cewa Bamalli ya riƙa amsa waya, ko ya riƙa zuwa yana zama kusa kawai, ladan aiki a raba kamar kullum. Bamalli ya saurare shi har ya gama, ya ce ya gode, ya ce mutanen Chaza na jira. Ya ce gidan nan gidansa ne, ya zo duk ranar da ya so su yi faɗansu, amma ban da jaka.

Ya taka masa zuwa bakin titi. Lokacin tashin ma'aikata ne, 'yan acaɓa da motocin Abuja sun cika hanya. Obadiya ya tsaya a gefen kwalta, ya ɗan ɗago gwiwar hannunsa, yana jiran a kama a tsallakar da shi kamar yadda aka saba shekara da shekaru. Hannun Bamalli har ya tashi da kansa. Ya mayar da shi, ya cusa hannuwan biyu a aljihu inda rawar ba za ta fito ba.

"Tafi," ya ce. "Kana gani."

Obadiya ya daɗe a tsaye da gwiwar hannu a ɗage. Sannan ya sauke ta, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ratsa tsakanin motoci tsaf, ko ɗan acaɓa ɗaya bai yi masa hon ba. Bamalli ya tsaya yana kallo har ya ga ya taka wancan gefen lafiya. Ya ce alhamdulillahi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Hawaye na zubo masa, ga jama'a na wucewa, ya rasa hannun da zai fitar ya share.